Kofur Uwa Mai Tuwon Bayan Kanta

A Agege in ka ce Uwa sai an tambaye ka wacce, domin masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Kofur Uwa, to ita kaɗai ce, kuma wanda ya ambaci sunan yakan ɗan waiga ya ga ko tana kusa. Gajeriya ce kakkaura, baƙa, mai ƙananan idanu da ba sa tsayawa wuri guda. In ta ɗaga murya daga bakin titin jirgi, mai goron da ke can cikin kasuwa yana jin abin da ta ce. Ko sannu take yi maka sai ka zaci wani laifi ka yi.

A nan Agege aka haife ta. Mahaifinta, Malam Nata'ala, fataucin goro ne ya kawo shi daga Gaya tun yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, har ƙasar wurin ta rufe shi. Saboda haka Yarabanci a bakin Uwa kamar Hausa yake, har ma ta fi iya zagi da shi. Da ta gama sakandare, zamanin soja, sai ta je ta shiga aikin ɗan sanda ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Malam Nata'ala ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwarta. Matan unguwa suka hana 'ya'yansu shiga gidan. Da ta tashi auren Shafi'i tela kuwa, sai da ta nemi izinin manyanta a wurin aiki, aka turo mutum ya binciki Shafi'i kamar wanda ya saci akuya. Mutanen gida ba su yafe mata kakin ba, na ofis kuma ba su manta cewa ita mace ce kuma Bahaushiya ba. A haka ta yi shekarunta da igiya biyu a hannu, ba gaba ba baya.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi ta murna a unguwa, wai farar hula ta dawo, kowa zai sarara. Uwa ba ta taka wannan rawar ba. Albashi dai ba ya zuwa a kan kari, takalmin aiki ita ke saya wa kanta, manyan da take sara wa jiya su take sara wa yau. Cin hanci kuwa ba ta karɓa, ba don ta fi kowa tsoron Allah ba, sai don ta tsani ta miƙa hannu ga mutumin da gobe zai raina ta.

Wajen ƙarshen shekarar rikici ya ɓarke a kasuwar Mile 12. An kashe mutane, an ƙone rumfuna. Da abin ya ɗan lafa, 'yan sanda suka bi titi suna kwasar duk wanda suka gani yana gudu. Wuraren tsare mutane na kusa suka cika, sai aka shiga rarraba sauran, har aka kawo cikin a-kori-kura guda caji ofis ɗin da Uwa ke aiki. Aka zuba su a bayan kanta, a ɗaki ɗaya mai taga kamar tafin hannu.

To, a bayan kanta ba a dafa wa kowa abinci. Mai dangi, danginsa su kawo masa. Marar dangi ya haɗiyi yawu. Yawancin waɗanda aka kawo kuwa 'yan ci-rani ne, masu dakon buhun albasa da kwandon tumatir, iyayensu na can Arewa suna zaton suna nan suna neman na kansu.

Wata safiya Uwa ta zo karɓar aiki ta ji hayaniya daga ciki. Ta leƙa. Ashe wani kurtu ne ya ci ayaba ya jefa ɓawon ta tsakanin ƙarafan ƙofa, manyan maza masu gemu suna kokawa a kansa, shi kuma yana tsaye yana ƙyaƙyata dariya. Uwa ta finciko shi ta bel.

"Birai ka samu? Gidan namun daji aka turo ka?"

Kurtun ya ce da Turancin buroka ai wasa yake yi.

"Wasa? Allah ya kawo ranar da za a yi irinsa da ubanka kana kallo!"

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fita ta tare okada, sai gida. 'Yarta Bilkisu ta gama ɗumamen tuwo ke nan tana shirin rabawa, Uwa ta sunkuci tukunyar dungurungum, ta haɗa da ta miya. Shafi'i yana kan kekensa a ɗakin gaba, ya ɗago kai.

"Maman Bilkisu, ina za a kai mana ɗumamen?"

"Inda ake bukatarsa."

"Mu fa?"

"Ku jiƙa gari. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya sha gari."

Shafi'i mutum ne mai sanyin hali, ya daɗe da sanin lokacin da ake yi wa matarsa musu da lokacin da ba a yi. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keke.

Tukunya ɗaya ba ta kai ko'ina ba, sai ma ta tsokano yunwar. Da yamma, da ta tashi aiki, Uwa ta wuce wurin Najiba, ƙawarta tun ta makarantar allo, wadda ke sayar da tuwo a bakin tasha. Daga nan ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, da kakinta a jiki. Ba ta iya lallashi ba, kuma ba ta gwada ba.

"Ba roƙo na zo ba," haka take cewa in ta shiga. "Jiya na ga shinkafar da kuka zubar a kwata. Daga yau a ajiye min, zan biyo da safe."

Wasu suka bayar don tausayi, wasu don tsoron bakinta. Najiba ke haɗa komai ta ɗumama, ta ƙara da nata. Kullum da hantsi sai a ga Kofur Uwa a bayan okada, babbar kula a cinya, bokitin miya a hannu, tana zagin mai babur don ya faɗa rami.

A cikin ɗakin nan akwai wasu samarin Yarbawa da aka kwaso a rana ɗaya. Wasunsu iyayensu mata na zuwa, wasu kuwa ba mai leƙo su. Uwa ba ta tsallake kowa ba. Duk hannun da ya miƙo ta ɗora masa malmala. Samarin suka sa mata suna Mama Olopa, wato mama 'yar sanda. Labari ya kai unguwa, gidaje da dama suka rufe mata ƙofa. Har Najiba sai da ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Uwa, har da su? Kin san fa abin da aka yi wa mutanenmu."

"Na sani. Kin ga ɗayansu riƙe da adda? Ni ban gani ba, wanda ya kamo su ma bai gani ba. Ke dai zuba miya."

Cikin rabon abincin ne ta lura da wani da ba ya tasowa. Kullum yana lungu ɗaya, ya jingina da bango, sai wani ya miƙa masa. Kuma daga lungun wani wari ke fitowa wanda ya fi na bokitin fitsari. Ta sa aka jawo shi bakin ƙofa. Saurayi ne dogo, siriri, ƙafarsa ta hagu ɗaure da tsumman buhun albasa. Da ta kwance tsumman sai da ta kau da kai. Saran adda ne a ƙwauri, ya buɗe baki, ya kumbura, gefensa ya fara baƙi.

"Yaya sunanka?"

"Oumarou, madam. Daga wajen Maraɗi."

"Me ka yi aka kawo ka?"

"Ban yi komi ba. Ina ɗauke da buhu sunka sare ni. Ina gudu kuma zandarma sunka kama ni."

Bai daɗe da zuwa Ikko ba, bayan girbi ya taho. Ya ce yana da wa mai suna Abdou da ke gadi a Ikeja, amma bai san sunan titin ba, sau ɗaya aka taɓa kai shi. Uwa ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta sayo magani a kemis ta ba shi. Ta san wannan ba zai yi ba. Washegari ta shiga wurin Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ta ƙame ta sara. Yana cin gasasshen kifi a kan tebur, bai ɗago ba.

"Oga, akwai wanda ƙafarsa ke ruɓewa a ciki. Asibiti yake bukata."

"Kofur, na rasa aikin da gwamnati ta ɗauke ki. Jiya mai tuwo, yau likita."

"Oga, mutuwa zai yi."

"Mutanensa su zo su gan ni. Kowa da kika ga ya fita, mutanensa ne suka zo suka gan ni."

"Ba shi da kowa."

"To ni ne ubansa? Da wace mota za a kai shi? Da wane mai? In ya gudu a hanya wa zai amsa?"

"Da wace ƙafa zai gudu, oga?"

Difi'o ya ɗago ya dube ta, ya nuna mata ƙofa da ƙayar kifi.

Ta fito tana huci. Tunda mutanensa ake so, bari ta samo masa mutane. Bayan la'asar ta tafi wurin Alhaji Ɗan Azumi, babban dillalin albasa, wanda 'yan dako da yawa ke ƙarƙashinsa. Abokin mahaifinta ne, kuma ya riga ya je ya fito da yaransa tun a kwanakin farko. Ta same shi a ƙofar gida kan darduma, jama'a kewaye da shi. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, ta faɗi abin da ya kawo ta: ya zo ya tsaya wa yaron nan, ya ce nasa ne, shi ke nan.

Alhaji ya ɓantari goro ya tauna a nitse.

"Ɗan ina kika ce?"

"Maraɗi, Baba Alhaji."

"To ai na Nijar ne. Suna da nasu manyan, ki je can."

"Albasar da yake ɗauke da ita lokacin da aka sare shi, ta Nijar ce ko ta dillalanku?"

Alhaji ya gyara zama.

"'Yar Nata'ala, ni kike wa wannan magana? Ke da kike bin gidajen Musulmi kina karɓar abinci kina kai wa waɗanda suka yanka mu? Kin ɗauka ba mu ji ba?"

Uwa ta miƙe tsaye. Ladabin da ta zo da shi ya ƙare.

"Kun ji wannan, amma ba ku ji cewa 'yan'uwanku na kokawa a kan ɓawon ayaba ba? Kunnenku zaɓe yake yi? Baba Alhaji, ranar da ka sauka a garin nan da 'yar jakarka, a zauren ubana ka kwana. Ya tambaye ka ɗan ina ne kafin ya ba ka tabarma? Yau kai ne mai tambayar garin mutum, ƙafarsa na zubar da ruwa!"

"Allah ya jiƙan Nata'ala," in ji Alhaji, yana duban jama'arsa. "Ya yi asarar haihuwa."

"Ya yi asarar aboki dai," ta ce, ta juya.

Ta nemi manyan 'yan Nijar ɗin, aka ce shugabansu ya tafi gida tun da aka fara rikici. Ta bar sallahu a masallatan Ikeja, ko za a dace da wani maigadi Abdou. Ikeja kuwa kowane gida da maigadi, kuma rabinsu Abdou ne.

Ana cikin haka, wata rana da azahar, aka fara dukan ƙofar bayan kanta kamar za a ɓalle ta. Samarin Yarbawan ne ke ihu: "Mama Olopa! Mama Olopa! Zai mutu!" Ta ruga. Oumarou na kwance, jikinsa zafi rau, idanu a kafe, yana ta kiran wata Haoua. Ɗaya daga samarin ya cire rigarsa yana yi masa fifita. Baƙin da ke gefen ciwon ya haura har kusa da gwiwa.

Difi'o ba ya nan. Makullin yana rataye a ƙusa bayan kanta, Uwa ta miƙa hannu ta zare shi. Sajan da ke bakin aiki ya tare ta.

"Kofur, kin san abin da kike yi? Aikinki fa!"

"Matsa min, Saje. In ya mutu a nan, kai za ka wanke gawar?"

Sajan ya matsa. Ta sa mutum biyu suka cicciɓo Oumarou zuwa bakin titi, ta mayar da su ta kulle. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba duk tsawon aikinta: ta tsaya tsakiyar titi ta tare danfo cike da fasinja, ta ce kowa ya sauka. Direba ya yi ta tsine mata da Yarabanci, ta rama da wanda ya fi nasa, har wata tsohuwa cikin fasinjojin ta toshe kunne. Amma da suka ga abin da ke kwance a ƙasa, su da kansu suka kama aka sa shi a mota.

A asibiti wata nas ta dubi saran ta ce ba a taɓa irin wannan sai da takardar 'yan sanda. Uwa ta buga ƙirjinta.

"Ga 'yar sanda a gabanki da ranta. Ni ce takardar. Kira likita!"

Likita ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da an kawo shi tun farko, wanki da ɗinki ne kawai. Yanzu kuwa sai dai a zaɓa, ƙafar ko ran. Aka yanke ta daga gwiwa.

Uwa ta zauna a kan benci a baranda, hularta a hannu, tana murɗa ta kamar wanki. Wanki da ɗinki. Abin da mijinta ke yi wa tsohuwar riga kafin a idar da sallah. A kan wannan ne saurayi mai ƙarfin ɗaukar buhu ya zama gurgu, saboda wani yana cin kifi, wani yana cin goro.

Ba a ɗau lokaci ba aka gurfanar da ita a shari'ar cikin gida ta 'yan sanda. Laifinta: fitar da wanda ake tsare da shi ba izini, barin bakin aiki, da rashin ladabi ga na gaba. Aka ce ta kare kanta.

"Ku faɗa min laifin da aka tsare shi a kai, ni kuma in amsa nawa."

Ba wanda ya iya faɗa, don ba wanda ya sani. Wannan bai hana a yanke hukunci ba. Aka cire mata igiya ɗaya, aka tura ta Mile 2 ba da hannu a titi. Sai dai hayaniyar ta tsorata Difi'o. Don kada a zo bincike, cikin 'yan kwanaki ya buɗe ƙofa ya kori sauran mutanen Mile 12 ɗin gaba ɗaya, Hausawa da Yarbawa, ba wanda ya ce musu ko yi haƙuri.

Sallahun da ta bari a masallaci ya isa inda ake so, amma a makare. Abdou ya riga ya gama zagaye ɗakunan ajiye gawa yana buɗe fuskokin matattu. Ran da ya zo asibitin, Uwa na zaune a gefen gado da kakinta, ta kawo wa Oumarou kunu. Abdou ya dubi ƙaninsa, ya dubi inda bargo ya kwanta shafal a gurbin ƙafa, sannan ya dubi kakin. Ya tako ya tofa mata yawu a kafaɗa.

"Ku ne! Ku kunka yanke mishi ƙafa!"

"Yaya, bari," in ji Oumarou da 'yar muryarsa. "Ita ta fiddo ni. Ita ta riƙa ba mu tuwo."

"Tuwo? Tuwo zai tsiro maka da ƙafa? Tana ganin ka kullum kana ruɓewa, makulli na rataye gabanta, sai da ka gama lalacewa ta ɗauko shi!"

Duk wanda ya san Kofur Uwa zai rantse cewa ranar sai an raba ta da mutumin nan da ƙyar. Amma sai ta sa gefen hannu ta share kafaɗarta, ta ajiye kofin kunun inda Oumarou zai iya kaiwa, ta fita. Da ta isa gida ta faɗa wa Shafi'i. Shi da ba ya fushi sai ga shi ya miƙe yana neman takalmi.

"Zauna, Baban Bilkisu," ta ce. "Kakin ya tofa wa, kuma kakin ya cancanta. Abin da ke cin raina shi ne, a zancen makullin bai yi ƙarya ba."

Da aka sallami Oumarou, Uwa ta je mayanka inda tirelolin shanu ke sauke kaya su koma Arewa. Ta sami wani direba da zai bi ta Katsina, ta ce gurgu da wansa za su bi shi, kuma a gaba za su zauna, ba a bayan mota cikin kashin shanu ba. Direba ya fara kawo uzuri, ta duba tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi ko yana so ta duba takardunsa ma. Nan take wuri ya samu. Wani kafinta a layinsu ya sassaƙa sandar dogarawa. Shafi'i ya ɗinka wando biyu, ya naɗe ƙafar hagun ya ɗinke ta da kyau don kada ta riƙa jan ƙasa.

Abdou bai dube ta ba har suka hau. Oumarou ne ya leƙo ta taga.

"Inna, mi zan ce ma matata Haoua? Na ce mata in na komo zan sai mata keken ɗinki."

Sai Uwa ta daka masa tsawa.

"Ka sha maganinka a kan lokaci! Kuma kada in ji ka bar ƙuda ya sauka a wurin nan!"

Tirela ta tashi. Daga ranar ba ta ƙara jin labarinsa ba, ko ya isa, ko ya warke, ko Haoua ta zauna.

Mile 2 ba wurin mutum mai gajeren haƙuri ba ne. Daga Agege sai ta canja mota ta sake canjawa kafin ta isa, sannan ta wuni a tsaye cikin rana, tsakanin tankokin mai da manyan motocin da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa, hayaƙi na shiga mata har cikin haƙora. Mutane dai ba su fasa ce mata Kofur ba. Abincin bayan kanta ya koma hannun Najiba, tana kaiwa in ta samu, wata rana a karɓa, wata rana a kore ta. Difi'o kuwa, ba a yi shekara ba aka ƙara masa girma aka kai shi wuri mai maiƙo. Ranar da Uwa ta ji, sai da ta fasa kwano.

"Ki ajiye aikin nan mana," in ji Shafi'i, yana zuba mata ruwan ɗumi ta jiƙa ƙafafunta da suka kumbura. "Ɗinkin nan zai riƙe mu."

"In ajiye wa wa? Ka san irin wanda za a ba gurbina? Mai jefa ɓawon ayaba. Ba inda za ni. Sai dai su kore ni, kuma sai sun sha wuya."

A Mile 2 ɗin ne ta ƙirƙiro wani abu. Kusan kullum akwai motar da ke sauke sababbin 'yan ci-rani, yara-yara da buhunan kayansu a ka, suna zare ido, ba su san gabas ba su san yamma. Sai ta busa usur ta tara su a gindin gada, su taho a tsorace don sun ga kaki.

"Kai, daga ina? Wa ka sani a garin nan? Ba kowa? To me ya fito da kai, uwarka ta gaji da ganin ka ne? Ku buɗe kunnenku. In kun ga 'yan sanda kada ku gudu, mai gudu ake kamawa. In kuma an kama ku, aka ce ina mutanenku, ku ce ku ƙannen Kofur Uwa ne ta Agege, tana aiki Mile 2. Maimaita in ji!"

Su maimaita, ta sa su sake, sannan ta kore su kamar kaji.

Magana ta bazu a tashoshi da masallatai fiye da yadda ta zata. Kafin shekara ta dubu biyu da biyu ta shigo, Uwa ta yi ƙannen da ko Malam Nata'ala aka tasa ba zai iya lissafa su ba. Yau a aiko daga wannan caji ofis, gobe daga wancan: ƙaninki yana wurinmu. In ta tashi aiki sai ta hau mota tana tsine wa wanda aka kama da wanda ya kama shi, ta je ta tsaya a kanta ta yi ta masifa har a gaji a sake shi. Wanda ta tarar sata ya yi da gaske, ta ƙara masa da mari ta bar shi a can, amma ta tabbatar an kai shi gaban alƙali, ba a manta da shi a lungu ba.

Wata Asabar da rana, ranar hutunta, tana wanki a tsakar gida, wani ɗan sanda ya yi sallama. Daga Yaba aka turo shi, wai ƙaninta yana wurinsu. Ta ɗauraye hannu tana mita, ta sa kaki, ta bi shi. Da aka buɗe ƙofar bayan kanta sai ga wani tsoho tukuf, gemu fari fat, ba haƙori ko ɗaya a gaba, mai gyaran takalmi ne da aka kwaso don ya zauna a inda aka hana zama. Sufeton wurin ya dubi tsohon, ya dubi Uwa, ya fashe da dariya.

"Kofur, wannan ne ƙanin naki?"

"Shi ne autanmu," in ji Uwa, ba ko murmushi. "Wahalar garinku ce ta tsofar da shi. Ina akwatin aikinsa? A fito masa da shi, kuma in na tarar ko allura ɗaya ta ɓace, yau ba mai barin ofishin nan."

Aka shiga neman akwati. Tsohon ya matso zai durƙusa ya yi godiya, ta riƙe shi ta kafaɗa ta miƙar.

"Baba, tashi, kada ka tona min asiri. Ina ka taɓa ganin ƙani mai gemu irin naka? Gobe ka nemi wani wurin zaman. Ka ci abinci yau?"

Ya ce bai ci ba.

Uwa ta juya ta fuskanci Sufeto, ta ja numfashi, ta fara masifa.